Da Wane Kuɗi Maharban Amurka Ke Zuwa Farautar Dubban Daloli?

A watan Yulin 2015, lokacin da labarin kashe zakin nan mai suna Cecil a gefen gandun dajin Hwange na ƙasar Zimbabwe ya karaɗe duniya, akwai wani ɓangare na labarin da hayaniyar Allah-wadai ta danne. Kafafen yaɗa labarai sun ruwaito cewa maharbin ya biya kimanin dala 50,000 domin wannan tafiya, kuma mutumin, Walter Palmer, ba mai rijiyar man fetur ba ne, ba kuma ɗan gidan sarauta ba ne. Likitan haƙori ne daga jihar Minnesota ta Amurka. Ga wanda ya san farauta a matsayin sana'ar da ake fita domin a samo nama ko a samo na cefane, abin ɗaure kai ne a ji mutum ya kwashi kusan abin da matsakaicin gida ke samu a shekara guda a ƙasarsa ya kashe a fita daji ta 'yan kwanaki. Su wane ne ke iya biyan irin wannan kuɗi, da wace sana'a suke samo shi, kuma me suke haƙura da shi kafin su tara?

Da farko dai ya kamata a san cewa galibin maharban Amurka ba sa cikin wannan lissafi. Ƙididdigar hukumar kula da kifi da namun daji ta ƙasar ta shekarar 2022 ta nuna cewa mutum miliyan 14.4 ne suka yi farauta a wannan shekara, suka kashe kimanin dala biliyan 45, amma mafi yawansu barewa da agwagin ruwa da talotalon daji suke harbi a kusa da gida, da lasisin da bai taka kara ya karya ba. Maganarmu a kan waɗanda ke yin doguwar tafiya ce, kuma ko su ɗin ma hawa-hawa ne. Akwai mutumin da ke zaune a gabashin ƙasar, ya tuƙa motarsa kwana biyu zuwa duwatsun Colorado ko Montana, ya kafa tanti a filin gwamnati, ya nemi babbar barewar nan mai rassan ƙaho da ake kira elk ba tare da ɗan jagora ba. Wannan zai iya gamawa da dala dubu biyu ko uku. Idan ya ɗauki ɗan jagora mai dawakai da sansani da mai dafa abinci, kuɗin kan kai dubu shida zuwa sama da dubu goma. Kusan a nan ne farashin mako guda na farautar barewa iri-iri yake a gonakin namun daji na Afirka ta Kudu ko Namibiya, yayin da ɓauna ke ninka wannan. Daga nan sai a yi tsalle zuwa ragunan dutse: farin ragon da ake kira Dall a Alaska yakan ci dubu talatin zuwa sama, ɗan'uwansa Stone na lardin British Columbia a Kanada kuma ya fi shi tsada nesa ba kusa ba.

Farashin da ake tallatawa kuma ba shi ne ƙarshen magana ba. Wanda zai je Afirka yana biyan kuɗin kwana a sansani daban, yana biyan kuɗin kowace dabba da ya harba daban, har da wadda ya ji wa rauni ta ɓace a daji. Sai tikitin jirgi, da takardar izinin shiga da bindiga, da inshorar kwaso mutum daga daji idan ya samu hatsari, da tukuicin ɗan jagora da masu bin sawu da masu fiɗa. Bayan ya dawo gida akwai kuɗin busar da fata da ƙaho, da tsaftace su, da dakon su a jirgi, da biyan jami'an kwastan, da ladan mai gwanintar cusa fata ya mayar da ita siffar dabbar domin a rataye a bango. Sau da yawa waɗannan na bayan fage sukan kai rabin kuɗin farautar kanta, wani lokaci ma su zarce, kuma a nan ne sabon shiga ya fi faɗawa rami.

Me ya sa tsadar ta kai haka? Babban dalili shi ne dabbobin kaɗan ne, masu so kuma da yawa, doka ce ke raba su. A Amurka namun daji amana ce a hannun jihohi, kowace jiha kuma tana fifita mazaunanta. A Colorado abin da baƙo ke biya na lasisin elk ya ninka na ɗan jiha fiye da sau goma. Wyoming ta yi doka a 2022 da ta ware kashi 90 cikin ɗari na lasisin ragon dutse da wasu manyan dabbobi ga mazauna jihar, ta bar wa baƙi kashi 10. Alaska kuwa ta wajabta wa duk wanda ba mazauninta ba ne ya ɗauki ɗan jagora mai rajista idan zai nemi ragon Dall ko akuyar dutse ko babban beyar nan mai ruwan ƙasa, sai fa idan yana da ɗan'uwa na kusa mazaunin jihar da zai raka shi. Inda masu nema suka fi lasisi yawa sai a yi ƙuri'a, kuma a jihohi da dama wanda bai dace ba yana tara maki duk shekara, yana biyan kuɗin makin, da fatan wata rana layi zai zo kansa. Akwai wuraren da mutum zai yi shekara ashirin yana biya bai samu ba. Wanda ba zai iya jira ba yana da wata ƙofa, wato gwanjo: jihohi kan ware lasisi ɗaya ko biyu su sayar ga wanda ya fi tayi, a zuba kuɗin a aikin kare dabbobin. A 2013 an sayar da lasisin rago ɗaya na Montana a kan dala 480,000. A shekarar da ta biyo baya, a taron ƙungiyar maharba ta Dallas Safari Club, an sayar da izinin harbin baƙin karkanda ɗaya a Namibiya a kan dala 350,000.

To, wace sana'a ce ke kai mutum can? Abin da ya fi saurin zuwa zuciya shi ne aikin da ke da albashi mai tsoka, kamar likita da lauya da injiniya da manyan ma'aikatan banki. Gaskiya ne ana samun su a sansanonin farauta, amma albashi kaɗai yana yaudara. Likitan Amurka ba ya fara samun kuɗi na kirki sai ya haura shekara talatin, kuma yakan fito daga makaranta da bashin karatu na dubban ɗaruruwan daloli a wuyansa. Lauyan babban kamfani a birni yana samun kuɗi, amma ana auna shi ne da yawan sa'o'in da ya yi wa abokan hulɗa aiki, saboda haka ɓacewa na kwana goma sha biyu a dutsen da babu layin waya abu ne da zai iya taɓa matsayinsa. Ga shi kuma babu wata dokar tarayya a Amurka da ta tilasta wa mai kamfani ya ba ma'aikaci hutun shekara da albashi. Sabon ma'aikaci yakan samu abin da bai wuce mako biyu ba, kuma a cikin waɗannan kwanaki ne zai ziyarci iyaye, ya kai iyali hutu, ya yi jinyar yaro. Dabba kuma ba ta jiran jadawalin ofis. Elk na barbara ne a watan Satumba, ragon Alaska ana fara nemansa a watan Agusta, wanda ya rasa wannan dama sai baɗi.

Saboda haka ne, a ganina, mutumin da ya fi dacewa da wannan harka shi ne mai sana'ar kansa, kuma shi ne aka fi cin karo da shi. Ɗan kwangilar gini, mai kamfanin gyaran famfo ko wayar lantarki ko na'urar sanyaya ɗaki da ɗumama shi, mai manyan motocin dako, dillalin gidaje, manomi mai manyan filaye, likitan haƙorin da asibitin nasa ne. Abin da ya haɗa su shi ne, samunsu ba shi da rufi irin na mai albashi, kuma idan sun gina harkar har ta kai ga akwai amintaccen yaro da zai riƙe ta, kuɗi na shigowa ko suna kan dutse. Ba sa neman izinin kowa kafin su tafi. Sai dai wannan 'yanci ba a samunsa a shekarun farko. Mai gyaran famfon da yake shi kaɗai da motarsa, duk ranar da bai fita ba babu ko sisi, shi farautar tana cin sa ta fuska biyu, abin da ya kashe da abin da bai samu ba. Kafin ya kai ga sakin ragama yakan yi shekara goma ko sha biyar yana aiki babu Asabar babu Lahadi.

Akwai wani rukuni da ba a cika lura da shi ba, wato masu aikin karɓa-karɓa. 'Yan kwana-kwana a garuruwa da yawa suna yin sa'a 24 a bakin aiki su huta sa'a 48, kuma suna iya musayar ranaku da abokan aiki har su haɗa mako biyu ba tare da sun taɓa hutun shekara sosai ba. Ma'aikatan jinya da yawa kwana uku suke yi a mako, sa'a goma sha biyu kowace rana. Masu aikin haƙar mai a arewacin Alaska ko a cikin teku sukan yi mako biyu a wurin aiki, mako biyu a gida. Masu gyaran manyan wayoyin lantarki suna samun kuɗin ƙarin lokaci mai yawa bayan guguwa ta yi ɓarna, wasu kuma wannan ƙarin ne kacokan suke warewa domin daji, albashin ya tafi ga gida. Waɗannan ba attajirai ba ne, amma suna da abin da babban lauya ba shi da shi, kuma kwanaki suna rage tsada: mai kwana goma sha huɗu a filin gwamnati zai iya samun abin da mai kwana biyar sai ya biya ɗan jagora kafin ya samu. Malamin makaranta kuwa, duk da dogon hutunsa, abin bai yi masa daɗi ba, domin hutun na ƙarewa ne daidai lokacin da kakar farauta ke buɗewa a ƙasarsa. Abin da ya dace da hutunsa shi ne kudancin Afirka, inda watannin Yuni da Yuli suke tsakiyar kakar farauta, idan aljihunsa ya iya.

Wasu kuma maimakon su nemi kuɗin da zai saya musu hanya, sai su ƙaura zuwa inda dabbar take. Gwamnatin tarayyar Amurka na da fili kimanin eka miliyan 640, mafi yawansa a yammacin ƙasar da Alaska, kuma a kaso mai yawa na wannan fili kowa na iya shiga ya yi farauta muddin yana da lasisi. Wanda ya zauna a Alaska wata goma sha biyu a jere ya zama ɗan jiha, kuma ragon da baƙo zai biya dubu talatin saboda shi, shi zai neme shi da lasisin da bai kai dala ɗari ba, sai kuɗin ƙaramin jirgin da zai sauke shi ko ƙarfin ƙafarsa. Nas ko makaniki ko direba da ya zaɓi wannan hanya ya biya farashin ne ta wata fuska: albashin da wataƙila bai kai na babban birni ba, tsadar kayan masarufi, sanyi mai tsanani, da nisa da dangi. Akwai ma samarin da ke shiga aikin jagora ko dakon kaya a sansanoni domin su rayu a dutsen, ko da yake ɗan jagora yakan ƙare kakar yana nuna wa wasu dabba, shi bai harba ko ɗaya ba.

Idan aka koma ga yadda ake kashe kuɗi, duk inda maharban Amurka suka taru suna wannan magana, mota ce ke fara fitowa, kuma suna da hujja. Sabuwar babbar a-kori-kura, irin wadda maharba suka fi so, farashinta ya haura dala 60,000 a 'yan shekarun nan, kuma matsakaicin abin da mai sabuwar mota ke biya duk wata a kan bashinta ya wuce dala 700. A shekara dala 8,400 ke nan, kuɗin farautar elk da ɗan jagora. A shekara biyar dala 42,000, kuɗin ragon Alaska. Mutum biyu masu albashi ɗaya, ɗaya yana canza mota duk bayan shekara huɗu, ɗaya yana lallaɓa tsohuwarsa mai shekara goma sha biyar yana gyara ta da hannunsa, na biyun zai je dutse sau da yawa, na farkon yana mamakin inda ya samo kuɗi. Haka abin yake ga gida. Wanda ya sayi gidan da bai kai iyakar abin da banki ya yarda ya ranta masa ba, ko ya zauna a ƙaramin garin da haraji da haya ke da sauƙi, ya bar wa kansa sarari duk wata. Manyan ɗawainiyoyin da ke dawowa kowane wata su ne ke yanke hukunci, ba kofin gahawar da aka haƙura da shi da safe ba.

Hanyar tarawa ba ta da wani sirri. Masu sansanonin da suka yi suna sukan cika shekara biyu ko uku gaba, sai mutum ya ba da kafin alƙalami, ya riƙa biyan sauran kashi-kashi kafin ranar tafiya. Da yawa suna buɗe asusu na musamman wanda banki ke zuba wani abu a ciki da zarar albashi ya shigo, kamar dai mai zubin adashi da ya san ranar kwasarsa. Wasu suna ƙarawa da aikin gefe, kamar share ƙanƙara a lokacin hunturu ko walda ko kafinta a ƙarshen mako. Wani abin da tsofaffin maharba ke yawan jan kunnen sababbi a kai shi ne kayan aiki. Kamfanoni suna fito da sabuwar bindiga da sabon madubin hange da sababbin tufafin sanyi duk shekara, kuma abu ne mai sauƙi mutum ya tara bindigogi goma a kabad alhali bai taɓa taka dutsen da ya saye su dominsa ba. Bindiga ɗaya da aka saba da ita, da takalmi mai kyau, da madubi mai kyau, sun wadatar. Kuɗin sauran bindigogin tara tafiya ce guda da ba a yi ba.

Abin da ba zan iya goyon bayansa ba shi ne cin bashi domin farauta. Kuɗin ruwan katin bashi a Amurka ya haura kashi 20 cikin ɗari a shekara, kuma tafiyar kwana goma da aka ɗora a kai tana iya bin mutum shekaru, bayan kuwa babu wanda ya yi masa alƙawarin zai ga dabbar; hazo na iya rufe dutse mako guda a dawo hannu rabbana. Mafi muni shi ne wanda ke yanke abin da yake ajiyewa domin tsufa ko karatun 'ya'ya. A ƙasar da inshorar lafiya ta ta'allaƙa da wurin aiki, kuma rashin lafiya ɗaya ke iya cinye tanadin shekaru, wannan ganganci ne da iyali ke biyan kuɗinsa. Shi ya sa batun uwargida ba ƙaramin batu ba ne a wannan lissafi. A gidaje da yawa albashi biyu ne ke shigowa, kuma idan an bi diddigi, aikin matar ne ke riƙe da inshora da cefane yayin da na mijin ke samar da rarar da ake zuwa daji da ita; ita ce kuma ke zama da yara a makonnin da ba ya nan. Wanda ke ba da labarin tsimin da ya kai shi Alaska bai ambaci wannan ba, rabin labarin ya bayar. Gidajen da abin ya ɗore a cikinsu su ne waɗanda aka zauna aka yi yarjejeniya a fili, kowa ya san rabonsa na rara da na hutu.

Sai dai labarin tsimi yana da iyaka, kuma ina ganin rashin adalci ne a ɓoye ta. Tsohuwar mota da ƙaramin gida za su kai ma'aikaci mai matsakaicin samu ga elk duk shekara, su kai shi Namibiya sau ɗaya ko biyu, wataƙila su kai shi ga rago ɗaya a tsawon rayuwarsa. Ba za su kai shi ga haɗa dukkan nau'o'i huɗu na ragunan dutsen Arewacin Amurka da maharba ke alfahari da su ba, balle lasisin gwanjo. Wannan mataki na waɗanda suka sayar da kamfani ne, ko suka gaji dukiya, ko suke da hannayen jari da gidajen haya da ke haihuwa suna barci. Tun asali ma haka abin yake: doguwar farautar da tsohon shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ya yi a gabashin Afirka a 1909, attajirai irin su Andrew Carnegie ne suka taimaka da kuɗinta. Idan mai irin wannan hali ya ce wa saurayi mai bashin karatu da 'ya'ya biyu ai magana ce ta fifita abin da kake so kawai, ya faɗi gaskiyar da ta shafi matakin ƙasa ne ya shafa ta a kan na sama. A ɗaya gefen kuma, magidancin da samunsa bai wuce haya da abinci da magani ba, babu motar da zai haƙura da ita, domin tun farko ba shi da halin sayen ta.

Akwai kuma abin da kuɗi ba ya saye, wato gwiwa da huhu. Farautar rago hawan dutse ce da kaya masu nauyi a baya, kwana da kwanaki, cikin ruwa da iska. Mai shekara talatin yana da ƙarfin amma ba shi da kuɗin, mai shekara sittin da biyar ya tara kuɗin amma ƙafa ta fara gardama. Wannan ne ya sa masu dabara suke jera tafiye-tafiyensu bisa ƙarfin jiki: su fara da na dutse tun da sauran ƙuruciya, ko da za su matse sosai, su bar na Afirka, inda mota ke kai mutum kusa kuma ana kwana a gado, zuwa shekarun girma. Farashin ma yana tura su ga hakan, domin kuɗin ragunan ya daɗe yana hawa fiye da yadda albashi ke hawa, makin da ake buƙata a ƙuri'a kuma yana ƙaruwa duk shekara, har ya zama wanda ya fara tarawa yau a wasu yankuna ba lallai layi ya iso shi yana raye ba.

Kuɗin nan da aka tara a Texas ko Pennsylvania yana sauka ne a wasu wurare, kuma yadda ake raba shi can ya bambanta ƙwarai. Kenya ta haramta irin wannan farauta tun 1977, Botswana ta dakatar da ita a 2014 ta dawo da ita a 2019. Namibiya ta yi doka a 1996 da ta ba al'ummomin karkara ikon cin gajiyar namun dajin yankunansu, a Pakistan kuma kashi 80 cikin ɗari na kuɗin izinin harbin akuyar dutsen nan markhor, wanda kan haura dala 100,000, yana komawa ga ƙauyukan da ke tsaron ta. Harkar ta iso har arewacin Kamaru, inda aka yanka dazuzzukan da ke kewaye da gandayen Benuwai da Faro da Buba Njida zuwa yankunan farauta da ake bai wa kamfanoni haya. Duk rani maharba daga Amurka da Turai suna sauka a Garwa, su shiga daji neman katafariyar barewar nan da ake kira eland ta Derby, da gwanki da ɓauna, a kan kuɗin da ya kai dubban gomomin daloli ga mutum ɗaya. Masu bin sawun da ke gano musu dabbar 'yan yankin ne, makiyayan da ake hana shiga da shanu cikin waɗannan dazuzzuka su ma 'yan yankin ne, kuma yawan abin da ke isa hannun waɗannan mutane daga cikin kuɗin shi ne abin da aka fi jayayya a kansa tsakanin masu kare harkar da masu neman a soke ta.